Gyaran Cinikin Khumra

Rafi'u yana shafa man zafi a gwiwarsa ta hagu lokacin da labari ya shigo ɗakin sauya kaya: Shaikh Abdulelah ya ce a rage albashi.

Shaikh Abdulelah shi ne mai kulob ɗin ƙwallon kwandon, shi ne kuma mai wata masana'antar tayil a Madinar Masana'antu. Kasuwar tayil ta kwanta, saboda haka 'yan wasa ne za su ji a jikinsu. Umarnin nasa gajere ne: a rabu da masu cin kuɗi, amma kada a daina cin wasa. Irin umarnin da mutum ke bayarwa ke nan idan bai taɓa riƙe ƙwallo ba sai don a ɗauke shi hoto.

Kowa ya san wanda ake nufi, wani dogon Ba'amurke da aka sayo bara, mai cin albashin mutum biyar, mai jefa ƙwallo kamar yana gudun kada ya ji wa kwandon ciwo. Amma Rafi'u ya daɗe a harkar. Ya sha ganin an fara sallama daga manya, a ƙare a kan waɗanda ba su ci ba, ba su sha ba.

Da ƙuruciyarsa ya zo Jidda daga Gusau, lokacin yana iya juyawa a sama ya dira kan ƙafafunsa. Tun daga ranar bai taɓa fashin wasa ba, alƙali kuma bai taɓa hura masa usur ba. Babu mai gumi irin nasa a filin nan, ko da na'urar sanyi tana aiki. Da ya fito, yara kan hau kujeru suna kiran "Sagar, Sagar", iyayensu na ɗaga wayoyi. Duk da haka, a babban kantin unguwar Safa yakan tura keken sayayyarsa daga wajen shinkafa har wajen madara ba wanda ya waiwayo. Abin ya daɗe yana ci masa rai.

Ba sunan ne ya dame shi yanzu ba, iƙama ce, takardar izinin zama a ƙasar. Kulob ɗin ne kafilinsa, mai ɗaukar nauyin zamansa, ranar da aka sallame shi ranar za a fara ɗaure akwatuna. 'Yarsa Fauziyya a Jidda aka haife ta, tana dab da gama sakandare. Hausarta ba ta wuce gaisuwa da neman abinci ba, Gusau kuwa a waya ta san ta.

"Baban Fauziyya, wataƙila ma alheri ne," in ji matarsa Zakiyya. "Da furfurarka kana tsalle-tsalle. Ka samu aikin da mutum zai iya faɗa wa dangi mana."

"Tsallen ne yake biyan hayar gidan nan," ya ce, ya ci gaba da cin tuwonsa.

A wasan ranar Asabar ya fito kamar wanda ake bi. Ya yi juyin nan da likita ya hana shi, gwiwar ta yi ƙara, filin ya ɗauki sowa. An ci su duk da haka, domin Ba'amurken ya wuni yana aika ƙwallo inda ba kowa. A sahun gaba akwai wani mai suna Turki, mai rumbunan ajiye kaya, wanda ya mallaki kulob ɗin Khumra. Ko sau ɗaya bai dubi Ba'amurken ba. Rafi'u yake bi da ido, yana yi wa na kusa da shi raɗa.

Tun bai sauya kaya ba manajan kulob ya kira shi ofis. Usama ke nan, haifaffen Jidda, jikan wani Bakano da ya zo hajji da ƙafa ya zauna.

"Halas, ya ammi, ciniki ya faɗa. Turki ya ɗauki dogon nan da albashinsa gaba ɗaya, zai ba mu samari biyu masu gudu, masu arha."

"Ni fa?" Muryar Rafi'u ta fito can ciki-ciki.

"Kakana ya koya mini cewa kayan da ya ƙi tafiya sai an ɗora masa gyara. Kai ne gyaran. Wallahi Turki ya rantse in babu kai babu ciniki. Za a mayar da kafalarka Khumra, su sabunta maka iƙama."

Rafi'u ya zauna a hankali. Fauziyya za ta gama makarantarta. Kuma a kira shi gyara ko a kira shi komai, cinikin kulob biyu a kansa ya rataya. Har ya fara tsara yadda zai gaya wa Zakiyya, da inda zai ɗan dakata don maganar ta shige ta.

"Me ya gani a wurina, Usama?"

"Haƙuri. Ya ce wanda ya jure wannan zafin shekara da shekaru ba zai kawo ƙorafi ba. Yalla, miƙo kayan kulob."

Rafi'u ya sa hannu biyu ya cire ƙaton kan Sagar, shahon soso da yake yi wa 'yan kallo rawa da shi lokacin hutun wasa, ya ajiye a kan tebur. Sai a lokacin ya tuna cewa raƙumin soson kulob ɗin Khumra mutum biyu ne ke shiga cikinsa, kuma ƙanin Turki ne yake riƙe da gaba. Baya ne ya rage masa.