Sauran Ba Su Fito Ba

Mai keke napep ya taka birki, ya leƙo. "Baba, wuce mana!"

Tsohon bai motsa daga bakin titin Kakuri ba. A da, in an busa jiniyar tashi a masaƙa, shi da ɗaruruwan abokan aikinsa suke ɓarkowa, auduga a gashinsu, suna tsokanar juna. Ko tirela dole ta tsaya sai na ƙarshensu ya haye. Yanzu ciyawa ta cinye ƙofar.

Motocin baya suka cika titi da hon.

"Baba, na ba ka hanya! Me kake jira?"

Tsohon ya waiga, ya daɗe yana kallon ƙofar.

"Je ka, ɗana. Sauran ba su fito ba tukuna."