Fiffiken Kurciya

Tun da aka kafa dokar sulhu, babu gidan da ke da wuƙa. An tattara su duka, har da adduna, maƙera suka haɗa ƙatuwar kurciya a bakin kasuwa, kowace wuƙa ta zama gashin fiffike. Mai son yanka ko albasa ce sai ya bi layi.

Ƙafafun Ladidi har sun kumbura kafin layi ya zo kanta. Ta ɗaga kabewarta, sai ta ga gurbi inda faffaɗar addar nan take jiya.

"Baba Tanko," ta ce wa mai gadi, "gashin nan fa?"

Bai ko dube ta ba. "Yanka a na kusa, 'yata. Kowa haka ya yi tun safe."

Ta yanka a na kusa.