Hayaniyar da Safwan Ya Cire

"Na gyara miki shi tsaf, Malama," in ji Safwan, mai haɗa bidiyon darussan kwaleji, yana juyo mata da kwamfuta.

Malama Uwani ta zauna. A ɗakinta na Kaura ta ɗauki darasin nan, da wayar da tuni ta lalace, don ɗaliban Zurmi da Shinkafi su huta da bin hanya. Kowace shekara shi ake maimaitawa. Ta hana a ɗauki sabo, kowa ya zaci tattali ne.

Ta matsar da bidiyon zuwa inda ta saba. Ga ta nan ta waiga ƙofa tana murmushi. Shiru.

"Nan wata yarinya ce ke ta kiran 'Inna, zo ki gani,'" in ji Safwan. "Na cire hayaniyar. Tsohon ma na goge, wuri yake ci."

Bana ya fara aiki. Bai san 'yarta Nadiya ba, bai ji labarin motar da aka tare a hanyar Jangeru da yarinyar a ciki ba.

"Ya yi kyau," ta ce.

Ta mayar da bidiyon baya, ta sake kallon kanta tana amsa kiran da babu shi.