Hannun Malam

Malaminta ya shimfiɗa hannunsa a kan teburin gwaji, tsakanin tubalan maganaɗisu biyu da guntun katako ya raba.

"Kin rage ma'adinin da ke ba su ƙarfi, kuma kina cewa za su juya injin motar lantarki?" ya ce a gaban masu kamfanin. "Miya ba gishiri ke nan."

Ita ta haɗa tubalan, bayan ma'adinin ya yi wuyar samu har ana batun rufe masana'antar. Shi kuwa shi ya koya mata aikin tun ba ta iya riƙe filaya ba.

"Malam, don girman Allah ka janye hannunka."

"Tsoron me kike ji, 'yata? Ko ƙusa ba za su ɗauka ba."

Da ɗaya hannun ya fizge katakon.

Tubalan suka zabura suka haɗe. Ta ji ƙasusuwan yatsunsa suna ruɓushewa kamar an taka busasshen kara, jini ya fantsamo mata har gilashin ido. Malam ya zube a gwiwa yana kiran Allah.

Ta ɗaure masa damtse da wayar lantarki. Ƙartin masana'antar suka taru da sanduna, suka banƙara har gumi ya jiƙa su, tubalan ko gezau.

Tana kallon haka ta kifa fuskarta a kafaɗarsa, don kada ya ga murmushin da ya ƙwace mata. Malam ya ɗauka kuka take yi, sai ya shiga rarrashinta.