Kanarin Maharazu

Maharazu ya ja ƙofar shago ya sa sakata, ya toshe taga da buhu. Hadari ya haɗo ta gabas, shi kuwa aikin da ke gabansa ba ya son damshi ko kaɗan.

Injin sanyaya ɗaki ne na wani Bakwara, ɗan Labanan, mai kanti a Fagge, girmansa kamar adaka. Iskar cikinsa ta tsiyaye, ya koma hura zafi. A duk Dukawuya, kai a duk cikin birni, ba wanda zai iya ɗura masa sabuwa sai Maharazu, wanda ya koyi aikin a filin jirgi wajen wani tsohon Bayarabe.

Tsohon ne ya ba shi kanari ranar da ya yaye shi. Ya ce iskar da ake ɗura wa injin daga tukunyar ƙarfe guba ce, ba ta da launi, ba ta da warin kirki, ƙasa take bi kamar ruwa. Kafin mutum ya ji ta a jikinsa ta gama da tsuntsu. "In yana waƙa, yi aikinka. In ya yi shiru, jefar da sifana ka fita, ko takalmi kada ka tsaya nema."

Maharazu bai taɓa faɗa wa kowa wannan ba. Da Zaituna matarsa ta san abin da yake kullewa da shi a shago, da ba ta ƙara barci ba. Ita dai a saninta maigida yana son tsuntsunsa fiye da kima, kuma aikinta ne ta sauya masa ruwa da gero, ta ajiye kejin a ƙasa, kusa da rariyar da ke ɓullewa tsakar gida.

Yau ma ta ajiye tun kafin ya shigo. Har ta lulluɓa wa kejin tsohon zanenta.

"Saboda feshi, Malam," ta ce, idonta na kan wata kyanwa da ke lashe baki a bisa katanga. "Kada ka buɗe shi, sanyi zai kama shi."

Ya yi mamakin ladabin nan. Zaituna ce fa, wadda ke leƙa zaure ta kwaikwayi kiran Nata'ala mai nama, "Ga na sa, ga na rago-o!", yara su fito da kwanuka su tarar ba kowa. Ita ce ta taɓa kwaikwayon tarin surukarta a bayan ɗaki, har matan maƙwabta suka zo dubiya. Shi kaɗai ne ba ta taɓa ci ba. Ko muryar wa ta ara, sai ya ce, "Zaituna, na gane ki. Ki sake shiri."

Ya ɗaura bututu a bakin tukunya, ya ɗaure noti, ya kunna injin. Ruwa ya kece. Daga bayan injin kanari ya soma, siririyar murya mai karkarwa, yadda ya saba.

Ya murɗa makunnin tukunya kaɗan. Allurar ma'auni ta ɗaga, ta yi rawa, ta koma. Ya ƙara. Ta sake ɗagawa, ta sake zamewa.

Wani wuri na yoyo.

Ya kaɗa sabulu a gwangwani, ya bi mahaɗar bututu yana shafa kumfa, yana jiran inda za ta kumbura. Ta gaba lafiya. Ta gefe lafiya. Saura na can ƙasa, inda hannu ke shiga da ƙyar. Ya bar tukunyar a buɗe don yoyon ya nuna kansa, ya kwanta rub da ciki, kumatunsa a kan daɓe.

Kanari na ta rerawa.

Can ya ji bayan kansa ya yi nauyi. Ya ce yunwa ce, tun koko bai sa komai a ciki ba. Wani ɗan zaƙi-zaƙi ya taru masa a maƙogwaro. Ya ce sabulu ne. Sifana ta kuɓuce masa, ya lalubo ta, ta sake kuɓucewa, abin har ya ba shi dariya, dariyar da bai san daga ina ta fito ba.

Ya tsaya cak, ya kasa kunne.

Waƙar tana nan. Yau ma ta fi ta kullum tsawo, ba hutu, kamar tsuntsun ya san ana saurarensa.

"Madalla, ɗan albarka," ya ce, harshensa na harɗewa. "In kai lafiya, ni ma lafiya."

Ya ɗaga kai ya dubi ƙofa. Ga sakata can, kusa ƙwarai, amma kuma kamar a hayin kogi. Allurar ma'auni ta zama biyu. Wani tunani ya gifta masa, game da tsuntsu da lulluɓi, game da abin da kanari ke yi in an rufe shi cikin duhu. Ya bi tunanin zai kama, ya sulale masa kamar sifanar.

Zai ɗan huta kawai. Ya mayar da kumatunsa kan daɓe, inda ya fi sanyi.

A tsakar gida ruwa na zuba. Zaituna na durƙushe a bakin rariya, faifai a ka, 'yan gashin tsuntsu rawaya da ta tsinto a gindin katanga, inda kyanwa ta bar su, na ƙulle a bakin zanenta. Gobe ƙanenta zai sayo wani kanarin a kasuwar Kurmi, a sa a keji, magana ta wuce. Leɓunanta sun gaji, kanta ma ya fara sarawa, amma ta ja numfashi ta ci gaba da fito irin na kanari, tana danne dariya, don yau kam Malam bai ce ya gane ta ba.