Na'ura Ta Yi Zagayen Safe

Lokotoro Shu'aibu, wato likita, ya dire wata na'ura gaban Zulaiha, ma'aikaciyar jinya a wani kilinik na Zongo. "Mai ƙirƙirarriyar basira ce. In ta iya tambayar marasa lafiya, aikinki ya ƙare ran Juma'a."

Shekara tara Zulaiha na tsaye a ɗakin majinyatan nan. Ba ta roƙe shi ba. Ta ɗauki na'urar, ta bi gado-gado.

"Ina jiki?" in ji na'ura.

"Da sauƙi, alhamdulillahi," in ji kowa, har Baba Alu da ko zama ba ya iyawa.

Kafin azahar, na'ura ta rubuta wa ɗakin duka sallama.

Lokotoro ya shigo yana gumi. "Zulaiha, wa ya samu sauƙi da gaske?"

"Ba ko ɗaya, lokotoro. Mutanenmu sai an tambaye su sau uku."