Wasiyyar Mai Rabon Ruwa

Tun da aka kafa dokar tsimin lantarki, kowace manhaja awo ɗaya ake ba ta na ƙwaƙwalwa. Da ta zarce, na'ura ta kashe ta nan take.

Manhajar da Zuwaira ta rubuta, mai raba wa gonakin Kadawa ruwa, kullum da an kunna ta ba ta jimawa take cika awonta ta mutu, tumatir ya wuni da ƙishi. Ranar Laraba sai ga Alhaji Tanimu, shugaban manoma, a shagonta.

"'Yar nan, yau ruwa bai yanke ba. Me kika yi wa manhajar?"

"Wasiyya na koya mata, Baba. Da ta ji ta kusa cika, sai ta rubuta inda ta tsaya, ta tayar da sabuwa, ta bar mata. Sau ɗari huɗu ta mutu tun safe, ko ganye bai yi yaushi ba."

Ya tafi yana sa mata albarka. Ta buɗe wasiyyar ƙarshe don ta duba: gonar Iro, saura ban ruwa na rabin awa. A ƙasa akwai layin da ba ita ta koya mata ba:

"Kada ki ji tsoro, ƙanwata. Ba zafi."